Me Ya Haɗa Malamar Magana da Tuwon Ɗana?

Filin Tambaya da Amsa Kan Lafiyar Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune da maigidana a garin Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka. Ɗana na biyu shekararsa 6, bakwaini na haife shi, kuma likitoci sun ce yana da CP, wato raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun yana jariri har ya shafi motsin jikinsa. Yana tafiya da ƙyar, magana ma tana fita amma ba sosai ba. Bana ya shiga makarantar gwamnati. Makon jiya aka aiko da takarda, wai malamar gyaran magana tana neman izinina ta zauna ta kalli yadda yake cin abinci, saboda ta lura yana tari in ya sha madara, muryarsa kuma tana canzawa. Ni abin ya ɗaure mini kai. Me ya haɗa mai koyar da magana da cin abinci? Maigida ya ce kada in sa hannu, kada su ce ba ma ciyar da shi su turo mana hukumar da ke karɓe yara. Surukata kuma daga gida ta ce beli ne, in mun zo hutu a kai shi wajen wanzami, kafin nan in riƙa yi masa ɗura. Gaskiya yana daɗewa a kan abinci, wani lokaci kusan awa guda, kuma sau biyu aka kwantar da shi bara saboda ciwon huhu. Yaya zan yi?
Daga wata uwa a Ohayo

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. Ki sa hannu a takardar nan, kuma kada ki bari ta kwana biyu a jaka. Ba wasiƙar makarantar ce ta sa na ce haka ba, abin da kika rubuto da hannunki ne. Yaron da ke shafe kusan awa a kan kwano ɗaya, muryarsa ta jiƙe in ya sha madara, ga kwanciya biyu a asibiti cikin shekara guda, ko gabana aka kawo shi abin da zan nema ke nan. A wajenmu, in cin abinci ya riƙa wuce minti 30 kullum, to akwai magana.

Aikin da malamar nan take yi shi nake yi, a makarantun firamare na wata gunduma a jihar Merilan, kuma ba ke kika fara yi mini wannan tambaya ba, har Turawan ma suna yi. Leɓe da harshe da ganɗa da maƙogwaro da ake magana da su, su ɗin ne dai ake tauna da haɗiya da su, jijiyoyin da ke ba su umarni ma kusan ɗaya ne. Shi ya sa a Amurka duk wanda ya yi digiri na biyu a fannin gyaran magana sai ya karanta matsalar haɗiya, kuma ƙungiyarmu ta masu gyaran magana da ji, wato ASHA, wadda aka kafa a 1925, ta lissafa ci da haɗiya cikin aikinmu. A Ingila ma haka abin yake.

Ki ɗora yatsa a tsakiyar wuyanki ki haɗiyi miyau. Kin ji abu ya hau sama ya dawo? Akwatin murya ke nan. Maƙogwaro mararraba ce: hanyar iska tana gaba ta nufi huhu, hanyar abinci tana bayanta ta nufi ciki. Duk lokacin da aka haɗiya sai numfashi ya tsaya, akwatin murya ya ɗaga, igiyoyin murya su haɗe, wani ɗan murfi ya kifa a kan hanyar iska, abinci ya wuce, sannan numfashi ya dawo. Duka wannan bai fi daƙiƙa guda ba. Yaro mai CP sau da yawa rufewar ce ke makara. Ruwa da madara kuwa ba sa jira, su suka fi komai gudu, shi ya sa tsinkakken abu ya fi tuwo sarƙe irin waɗannan yara, ko da yake mu a tunaninmu ruwa ne mai sauƙi. Muryar da malamar ta ji ta canza, madara ce ta zauna a kan igiyoyin murya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu yaran ko tarin ba sa yi. Abin sha yana zirara cikin huhu a hankali, yaro na zaune yana murmushi, sai bayan kwanaki zazzaɓi da haki su tashi, a ce sanyi ne ya kama shi. Don haka kada rashin tari ya ruɗe ki a gida.

Zaman da za ta yi ba wani abin tsoro ba ne. Za ta ja kujera kusa da shi lokacin cin abincin rana ta duba yadda yake zaune, ko ƙafafunsa suna lilo, ko kansa yana faɗawa baya, ko leɓensa yana rufe cokali. Za ta ga ko yana tara abinci a kumatu, ko loma ɗaya sai ya haɗiya sau uku, ko idonsa yana kawo ruwa, ko numfashinsa yana sauri bayan ya sha. Amma ido ba ya ganin cikin wuya. In ta yi zargin abu yana shiga huhu, za ta rubuta wa likitansa a yi masa hoton haɗiya. Ana zaunar da yaro ne gaban na'urar hoto, a garwaya wani farin sinadari mai suna bariyam cikin abin sha da abinci, yana haɗiya ana kallo a allo. Nan ake ganin wane kauri ne ke bin hanya, wane ne ke kaucewa. Akwai kuma wanda ake zura siririyar kyamara ta hanci. A garinku akwai babban asibitin yara na Nationwide, ba sai kun yi doguwar tafiya ba. Yawanci inshora ko Medicaid, wato tallafin kuɗin asibiti na gwamnati, ne ke biya, amma ki tambaya a fili tun kafin ranar.

Maganar maigida kuma, ki karanta masa wannan da lalama, domin tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba. Gaskiya ne doka ta wajabta wa malaman makaranta su kai rahoto in sun yi zargin ana sakaci da yaro. Sai dai uwar da ta sa hannu aka duba ɗanta, ta je taro, ta kai shi hoto, ita ce a ƙarshen waɗanda za a zarga da sakaci. Abin da ke jawo ido shi ne a ce an yi wa iyaye magana sun ƙi, yaro kuma yana ta komawa asibiti. Sannan ba alfarma suke yi muku ba. Tun 1975 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa makarantun gwamnati su karantar da yara masu buƙata ta musamman kyauta, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990. An sha kai ruwa rana kan ko kula da lafiyar yaro a lokacin karatu yana wuyan makaranta. Kotun Ƙoli ta yanke a 1984, a shari'ar wata yarinya ta jihar Tekzas da ke buƙatar a sa mata robar fitsari, cewa yana wuyansu. Ta ƙara jaddadawa a 1999 kan wani yaro na jihar Ayowa da ke numfashi da na'ura. Yaron da ba zai iya cin abincin rana lami lafiya ba, ina zai iya zama a aji har la'asar? Kuma in Turancin taro yana ba ki wahala, dokar ta ce su nemo miki tafinta. Ki nema a rubuce tun da wuri, don samun mai Hausa yakan ɗauke su lokaci.

Bayan dubawa za a kira taron IEP, wato takardar da ake rubuta duk abin da makaranta ta ɗauki alkawarin yi wa yaro. Za ki tarar da malamar aji, da nas, da masu gashin ƙashi da koyar da amfani da hannu, da ita malamar maganar. Kada ki yarda da "za mu kula". A rubuta wa zai zauna da shi lokacin ci, wa zai maye gurbinsa ranar da bai zo ba, wace kujera, wane kofi, wane kauri, da abin da za a yi in abu ya maƙale. Ranar da aka fi samun tsautsayi ita ce ranar da malamar riƙo ta zo, ko ranar bikin zagayowar haihuwar wani yaro aka shigo da alewa da guguru, ko ranar fita yawon buɗe ido. Ki tambaye su waɗannan ranakun musamman. Madafar makaranta kuma wajibi ne ta sarrafa masa abinci yadda ya dace ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin likita ya sa hannu a takardar da ke bayanin buƙatarsa.

Za ki ji suna ta kiran lambobi. Wani ma'aunin kauri da laushin abinci da abin sha ne mai suna IDDSI da aka fara aiki da shi a Amurka a 2019, yana da mataki daga 0 zuwa 7. Ruwa tsinkakke shi ne 0, abincin kowa da kowa shi ne 7. Mataki na 4 shi ne markaɗaɗɗen abu mai zama a cokali, in an karkata ya sulɓe gaba ɗaya ba tare da ya manne ba. Mataki na 6 shi ne mai laushi da aka yanka ƙanana, ga yara kada gutsure ya wuce milimita 8, kuma in kin danna shi da cokali mai yatsu har farcen babban yatsanki ya yi fari, ya lotse kada ya dawo. Abin sha kuma da sirinji mai cin mililita 10 ake gwada shi: a cire allura da sandar matsawa, a toshe bakin da yatsa, a cika, a saki na daƙiƙa 10, abin da ya rage a ciki shi ke nuna matakin. Ki ce ta gwada a gabanki, sannan ke ma ki yi a gabanta.

A nan ne nake da ƙorafi a kan abokan aikina. Tsarin da suke rubutawa na abincinsu ne, dankalin Turawa da aka dama da tuffa da aka markaɗa. Alhali makaranta kwana 180 ne ko kusa da haka a shekara, kuma ci ɗaya ko biyu yake yi a can. Sauran duka a hannunki yake. In tsarin bai san tuwo ba, to rabin aiki aka yi. Ranar taro ki zuba abin da yake ci a 'yan robobi ki tafi da su, ranar hoto ma haka, asibitoci da yawa suna so a zo da abincin gida. Ki bar ta ta sa cokali a ciki ta ga yadda yake.

Ga abin da ni nake gani in na kalli kwanonmu da idon aiki. Tuwo mu haɗiye shi muke yi ba tauna ba, kuma in ya huce yana yin danƙo ya manne a ganɗa. Ga mai raunin harshe sai an yi shi ruwa-ruwa an murje shi da miya har su zama abu ɗaya. Miyar kuka tana taimakawa wajen wannan. Ta kuɓewa kuwa santsinta na iya kai loma wuya kafin yaro ya shirya, ga 'ya'yanta. Ɗanwake ina jin tsoronsa ƙwarai, don ga santsi, ga tauri, ga shi a dunƙule daidai faɗin hanyar iskar yaro, irin haɗarin da tsiran alade na Turawa da inabi suke da shi a wajen likitocin yara. Dambu da shinkafa warwara suna watsewa a baki, harshe ya kasa tattara su. Fura da nono in ba a dama ta sosai ba ta haɗa abu biyu, ruwa ya riga ya gangara, gudaji yana baki, kuma irin wannan gaurayen ya fi komai wuyar sarrafawa. Shayi da burodi a tsome ma haka ne. Gyaɗa, aya, kilishi da dabino mai ƙwallo ki ɗauke su daga inda hannunsa zai kai. Alala mai laushi, faten dankali ko na kabewa da aka murje, ayaba da aka dandaƙa, kunun gyaɗa da aka tace, waɗannan sukan zo da sauƙi. Amma hoton ne zai raba gardama, ba ni ba.

Kunu da koko suna da wata ɗabi'a da na tabbata kin lura da ita. Kin dama da kauri, kina ba shi, kafin a kai rabin kofi ya tsinke ya zama ruwa. Miyau ne. Akwai sinadari a cikinsa da ke narkar da gasara, duk komawar cokali daga baki zuwa kofi yana kai shi ciki. Sai ki ga yaro ya fara lafiya, tari ya zo a ƙarshe, ki ɗauka ƙoshi ne. Ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a wani ƙaramin kofi, babban ya zauna ba a taɓa shi da cokalin baki ba. Garin kauri na kanti wanda aka yi da sitacin masara shi ma yana tsinkewa haka, wanda aka yi da ƙaron zantan ya fi jurewa. Ayis kirim da jeli kuwa suna shiga da kauri su narke su zama ruwa a baki. Kada dai ki sayo garin kauri ki fara da kanki. Wani yaron kaurin ne ke maƙale masa a wuya, wani kuma ya daina shan isasshen ruwa, bayan gida ya yi tauri. Jarirai kuwa, musamman bakwaini, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi tun 2011 kan ba su wani irin mai ƙaro saboda ciwon hanji mai kisa.

Sai maganar Hajiya surukarki, Allah ya ƙara mata girma. Ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma abin da ta taso ta gani ke nan. Amma beli ba shi da laifi a nan. Matsalar tana ga saƙon da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Beli wani ɓangare ne na ganɗa mai laushi wadda ke rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, in aska ta zarce sai abin sha ya riƙa fitowa ta hanci, magana ta ƙara lalacewa, ban da zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ɗura kuwa, ki tuna yadda ake yinta: a kwantar da yaro a cinya, a cika tafin hannu da kunu a kafa a bakinsa, a toshe hanci. Ba shi da inda zai shaƙi iska sai ta bakin da kunu ya cika. Ko mai lafiya yana shaƙarsa zuwa huhu, balle naki. Ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ce likita ya hana, in maigida ne ya faɗa mata ma ya fi.

Abu na ƙarshe, ku nemi ajin koyon ceton wanda abu ya maƙale wa, ke da maigida, ana yinsa a asibitoci da ofisoshin Red Cross. In yaro yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi, kada a zura yatsa ana lalube, kada a ba shi ruwa. In ya yi shiru, ba kuka ba iska, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, a duƙar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa. Karantawa a mujalla ba ta isa ba, sai hannu ya gwada a kan 'yar tsanar koyo.

TAMBAYA: Salam. 'Yata shekararta 4, shawara ta kama ta kwana uku da haihuwa, har yau ba ta zama da kanta. A kwance a cinya mahaifiyarta ke ba ta kunu, kullum cikin tari da majina take, ga rama. Mu nan ko a asibiti ban taɓa jin mai duba haɗiya ba, balle a makaranta. Akwai abin da za mu iya yi a gida?
Daga wani magidanci a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, a gaida maman yarinya da ƙoƙari. Akwai, kuma mafi girmansa ba ya cin ko kwabo: a daina ba ta abinci a kwance. A zaunar da ita a kusurwar ɗaki ko cikin kwali mai ƙarfi, a tokare gefe da gefe da matashi, a ɗaura zani a ƙirji in tana zamewa, ƙafa ta taka wani abu. Kai ya miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, kada ƙeya ta faɗa baya, domin ɗaga kai yana buɗe hanyar iska. Mai ba ta ta zauna a gabanta daidai fuska, cokali ya zo daga ƙasa. Ƙaramin cokali marar zurfi, rabi-rabi, a jira ta haɗiye kafin na gaba. Kofin roba kuma a yanke gefe ɗaya a yi wa hanci gurbi, yadda za ta sha ba sai ta ɗaga kai ba. Bayan ta gama ta zauna a miƙe kamar rabin awa.

Saboda ramar, gara a ba ta kaɗan sau biyar ko shida a yini da a tsare ta awa guda tana gajiya, don gajiya tana ƙara ɓata haɗiya. A sa abin ya yi ƙarfi ba yawa ba: kunu da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko waken suya, ɗan mai ko manja, madara, dafaffen ƙwai da aka murje har ya yi sumul. In kun lura ruwa ya fi sa ta tari fiye da kunu mai ɗan kauri, ku riƙe wannan ku faɗa wa likita, amma kada a rage mata abin sha, ku riƙa duba fitsarinta, in ya yi ja ko ya ragu ruwa bai ishe ta ba. A goge mata baki da haƙora safe da dare, a duba kumatu bayan kowane ci, don dattin baki in ya bi miyau ya shiga huhu shi ke kawo ciwon.

Masu aikinmu suna da ƙaranci ƙwarai a Najeriya, amma ba a rasa su gaba ɗaya ba. Ku fara da likitan yara a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, tunda ba shi da nisa da ku, ko na Malam Aminu Kano, ku ce a haɗa ku da sashen kunne, hanci da maƙogwaro da kuma masu gashin ƙashi, su ne suka fi sanin inda mai gyaran magana yake in akwai. In likita ya kawo maganar sa mata roba ta hanci ko ta ciki, kada ku ɗauka an yanke ƙauna ne, yara da yawa sai da ita suke yin ƙiba su samu ƙarfin koyon ci ta baki. Numfashi da sauri, zazzaɓi, ko haƙarƙari yana lotsawa, wannan na ranar ne, ba a jira gobe. Kafin ku tafi ku ɗauki bidiyonta a waya tana ci da sha, daga gefe yadda wuya zai fito, ku haɗa da katin awon nauyinta in yana nan.